Ginshiƙin da Yaya Ta Jingina da Shi

Kai mai karatu, namiji ne kai ko mace, ina gargaɗinka tun kafin ka yi nisa: kada ka karanta wannan ka girgiza kai, ka ce "Allah sarki," ka ajiye ka koma harkarka. Idan kana da uwa, ko mata, ko ɗa da yake neman abincinsa a ƙarƙashin rufin tsohuwar kasuwa, maganar nan taka ce kamar yadda take tawa. Kuma kada ka zo mini da "kwananta ne ya ƙare" don ka rufe mini baki. Na san da haka, na kuma yi imani da shi. Amma akwai sauran magana bayan wannan, kuma sai na faɗe ta.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Agusta, tsakanin azahar da la'asar, Allah ya karɓi ran yayar mijina, wadda muke kira Yaya, 'ya'yana kuma suke kira Gwaggo. Ba ta yi jinya ba, ko ciwon kai ba ta yi ba. Tana zaune a kan kekenta a layin maɗinka, ginshiƙin ƙarfen da ta yi sama da shekara ashirin tana jingina da shi ya karye daga gindi, rufi ya sauko mata.

Yaya, bari in yi magana da ke. Da safiyar ranar kin biyo ta gidanmu kamar kullum, don ku tafi da 'yata ta biyu wadda take ɗinki a wurinki. Kin tsaya a bakin ƙofa kina ƙwala kira: "Amarya! Ina Almakashin nan taki? Ko sai na aiko mata da mota?" Na aurar da 'ya, na ga jika, amma ba ki taɓa sauke ni daga Amarya ba. Ita kuwa yarinyar saboda kaifin bakinta kika sa mata Almakashi, har sunan ya bi ta. Na ce muku hadari yana haɗuwa, ku ɗauki lema. Kika ce, "Lemar me? Muna shiga kasuwa ai mun shiga gidan ƙarfe." Kuka fita kuna dariya. Ban ko raka ku ba, don ina da wanki a gabana.

Ina ninke kayan da na kwaso daga igiya waya ta yi ƙara. Muryar 'yata ce, amma kamar ba tata ba. Ta ce, "Mama, rufi ya faɗo kan Gwaggo!" Na ce, "Wane rufi?" Ta ce na kasuwa. Na ce mata ta bar shirme ta miƙa miki wayar. Wallahi haka na ce, Yaya. Na nemi a ba ni ke, ki gaya mini da bakinki abin da ya faru. Da an ce mini mota ce, ko gobara, ko zuciya ce ta buga, da kaina ya ɗauka. Amma tsohuwar kasuwa? Ginin da muka taso muka tarar, iyayenmu ma a tsaye suka same shi? A raina, ƙasa za ta iya tsagewa amma ban da wannan ginin.

Dole in bayyana yadda ginin yake, domin wanda bai san shi ba ba zai gane yadda aka yi ba.

Turawan mulkin mallaka ne suka sa aka gina kasuwar, lokacin da layin dogo ya iso garin. Ba don suna ƙaunarmu suka yi ba. So suke su tara masu saye da sayarwa wuri guda, inda idonsu zai kai. A ƙasarsu aka zuba ƙarafan, aka kawo su ta jirgin ruwa, sannan jirgin ƙasa, daga tasha kuma kafaɗun kakanninmu ne suka ɗauko su. Ke kika sha gaya mana cewa kakanku yana cikin waɗanda aka tilasta wa wannan dako, kuma har ya koma ga Allah kafaɗarsa ta dama a karkace take. Kina cewa, "Bature ya zana a takarda, amma kafaɗar kakana ce ta tsayar."

Bangon waje na jan bulo ne, mai kauri har mutum yana iya miƙe ƙafa a kan taga. Ƙofofi huɗu ne, gabas da yamma, kudu da arewa, kowace da baka a samanta. A kan ƙofar gabas akwai hasumiyar agogo, ko da yake agogon ya tsaya tun muna 'yan makaranta. A ciki kuwa, yadda aka gina ta da farko, babu bango ko ɗaya. Fili ne guda, sai ginshiƙan ƙarfe a jere layi-layi, sirara, dogaye, kowane da adon ganye a wuyansa, su suke ɗauke da rufin. Rufin ma ba guda ba ne. Tudu-tudu ne kamar an jera rumfuna kafaɗa da kafaɗa, tsakanin kowane biyu akwai kwari inda ruwan sama yake taruwa. Can sama an bar tagogi masu katako a kishingiɗe, iska ta shigo, zafi ya fita, ruwa kuma bai sami hanya ba. Ko da tsakar rana mutum ya shiga sai ya ji sanyi ya sauko masa.

Muna sakandare malamin tarihi ya kawo mu ya nuna mana duk wannan. Muka kwafi shekarar da aka sassaƙa a kan ƙofa, muka zana hasumiyar a littafi, muka ci jarrabawa. Abu ɗaya ne ba mu ji ba, ni kam sai bayan rasuwarki na ji shi: ginshiƙan nan ba cikakken ƙarfe ba ne. Cikinsu a huje yake tun daga sama har ƙasa. Su ne indararon kasuwar. Ruwan da ya taru a kwarin rufi ta cikinsu yake saukowa, ya fito ta wani ɗan baki a gindin kowane ginshiƙi, ya zuba a kwatar da aka shimfiɗa a daɓe, ita kuma ta kai shi waje.

To, gari ya cika, kasuwa ta cika. Wurin da aka yi wa mutum ɗaya, huɗu suka zauna. Aka fara rufe kwatocin da katako don a sami wurin ajiye tebur, daga baya aka zuba musu siminti aka manta da su. Aka toshe tagogin sama da kwali da buhu. Aka kafa benayen katako a jikin ginshiƙai ana loda dilolin kaya. Da kwata ta ɓace, duk damina sai ruwa ya riƙa fitowa daga gindin ginshiƙi yana malala cikin shaguna. Sai aka samo dabara: a kira magini ya cusa tsumma a bakin, ya shafe da siminti. Abin har ya zama ƙa'ida. Duk wanda ya kama sabon shago, maƙwabta sukan ce masa, "Kafin damina ka toshe bakin ginshiƙinka." Ana cewa ruwa zai nemi wata hanya. Ba wanda ya tsaya ya tambayi wace hanyar.

A cikin wannan kasuwar kika zauna, Yaya, tun da mijinki ya rasu ya bar miki yara uku da keken ɗinki ɗaya. Shagonki ɗan ƙarami ne, da kyar yake ɗaukar keke biyu da benci, kuma ginshiƙin a kusurwarsa yake, daidai bayan kujerarki. Ƙusa ba ta shiga jikinsa, sai kika ɗaure masa igiya a ƙugu, kika rataye tef ɗin awo da almakashi da madubi. Duk shekara sai kin sa an shafa masa koren fenti, har mutane suka riƙa yin kwatance da shi: "Ki shiga layin maɗinka, ki nemi koren ginshiƙi." Idan wani ya kawo miki maganar sake aure, sai ki miƙa hannu baya ki daddaki ƙarfen ki ce, "Ga mijina nan. Ba ya yawo, ba ya faɗa, ba ya tambayar me aka dafa." Duk layin ya kwashe da dariya. Ni ma na yi dariyar nan sau da yawa.

A sana'ar da aka santa da "ki dawo gobe," ke ranar da kika faɗa ita ce ranar. Idan ba za ki iya ba, tun a tsaye za ki ce wa mai kaya ta kai wani wuri, ko da kuwa a ranar ba ki yi cinikin ko sisi ba. Idan aka kawo miki ɗinkin kayan makaranta, sai ki bar ninki mai faɗi a ƙasan riga da ƙafar wando, ki ce wa uwar, "In ya ƙara tsawo ki kawo in warware, ba sai kin sayi sabo ba." Sauran maɗinka suna miki tsiya cewa kina kashe wa kanki kasuwa. Ƙyallayen da suka rage ba ki taɓa zubarwa ba. Kina haɗa su ki yi wa jarirai 'yan riguna, ki ba matan da suke sharar kasuwa, kuma ki ja musu kunne kada su yi miki godiya a gaban mutane.

Abin da kika yi mini a kan 'yata kuwa ba zan iya biyanki ba. Ta faɗi jarrabawar fita sakandare, ta sake zama ta sake faɗi. Ni uwa ce mai tsanani, ban ɓoye ba, kuma ba na jin kunyar hakan, domin na ga abin da sakaci yake yi wa 'ya'yan mutane. Amma yarinyar ta shige ɗaki ta daina magana, faɗana kuma ba ya ƙara mata komai sai shiru. Kika zo wata rana, kika leƙa ɗakin, kika fito riƙe da hannunta kika ce, "Amarya, ba ni aronta. In ta lalace ki kama ni." Na ba ki yarinyar da ba ta iya ɗaga kai ta kalli mutum ba. Kika dawo mini da mace mai sana'a, mai yanka yadi ba gargada, mai mayar da magana har sai na ce mata ta rage. Ke kika saya mata keken da take ɗinki da shi, kika ajiye shi gefen naki.

Yanzu zan faɗi abin da ya fi yi mini nauyi, kuma duk wanda ya karanta shi ya ɗora miki laifi, Allah zai tambaye shi.

Kin daɗe ba ki toshe bakin ginshiƙinki ba. Idan damina ta zo, bokiti kike karawa, ki ɗage yaduddukan mutane sama, ki yi ta goge daɓe. Sai ga wata tsohuwa, Iya mai maɓalli, wadda ba ta da shago, sai faranti ɗaya na maɓallai da allurai da zare. Masu gadi suna ta korarta daga bakin ƙofa. Kika kira ta kika ce ta zauna a gindin ginshiƙinki, duk mai son korarta ya fara da ke. Wata damina aka yi ruwa mai ƙarfi, ruwan ya fito da ƙarfinsa ya jiƙa ta sharkaf, ya kifar da farantin, maɓallai suka bi ruwa. Tsohuwar ta kwanta da tari har aka fara cire rai da ita. A makon nan kika kira magini. Kika ce, "Ba zan zauna ina kallo ruwa ya kashe mini tsohuwa ba." Ya cusa tsumma, ya shafe da siminti, kika sa aka bi da koren fenti har ba a gane wurin.

Daga ranar, duk ruwan da ya sauko ta cikin ginshiƙin nan bai sake fita ba. Yana tsaye a ciki, damina bayan damina, yana cin ƙarfen ta ciki. 'Yata ta ce fentin yakan kumbura ya yi ƙuraje, jan ruwa yana tsattsafowa. Sai ki kankare, ki sake shafawa, ki ce tsufa ne, kowa ma yana yi.

Ranar Talatar an fara ruwa tun kafin azahar, irin wanda mutum ba ya jin maganar na kusa da shi saboda ƙarar kwano. Kina haɗa wata riga sai shafi, yadin da ake sa wa riga ta ciki, ya ƙare miki, kika aiki 'yata ƙofar gabas ta sayo. Ta ce miki a bari ruwa ya tsagaita. Kika ce, "A cikin kasuwa ruwan zai dake ki? Tashi, Almakashi, bakinki ya fi ƙafarki sauri." Ta tafi tana gunaguni. Tana tsaye ana auna mata shafin ta ji ƙara kamar an harba bindiga. Ta waiwaya ta ga hasken sama a tsakiyar kasuwa, inda ba a taɓa ganin haske ba, ruwa yana zuba ta wurin. Ta ce ba ta san lokacin da ta yar da takalmanta ba.

Maza sun taru sun ɗaga ƙarfen tun kafin 'yan kwana-kwana su iso. Maƙwabtanki biyu sun karye, ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Ke kuwa an same ki a kan kujerarki, ƙafarki tana kan matakin keke. Jan ruwa ya malale layin har idon sawu, mata suna ta ihu sun ɗauka jini ne. Tsatsa ce, Yaya. Ruwan shekaru ne ya fito daga cikin ƙarfen.

Iya ba ta je kasuwa ranar ba, gwiwoyinta sun hana ta. Da ta zo gaisuwa, tun daga ƙofa ta zube tana cewa, "Saboda ni ta toshe, ni na kashe ta." Na ɗago ta na zaunar da ita, na ce, "Iya, ki ji tsoron Allah ki bar wannan magana. Ba ke kika rufe kwata ba, ba ke kika kafa bene ba. Ita kuma tausayi ta yi, ladanta yana wurin Allah." Na faɗa mata haka da ƙarfi don ta ji. Amma da na shiga ɗaki na rufe ƙofa, sai da na toshe bakina da gyale.

Bayan an tashi daga zaman makoki, muka je kwashe kayanki, ni da mijina da babban ɗanki. Muka tarar hukumar gari ta turo injiniya, wata mata mai hular kwano. Da ta ji mu ne iyalinki, ta yi mana gaisuwa, ta kai mu inda guntun ginshiƙin yake kwance. Ta waje fenti ne a kan fenti, kore shar, mai kauri. Ta ciki kuwa ƙarfen ya koma kamar busasshen ganye. Na sa yatsa na taɓa, ya marmashe a hannuna. Wannan ne abin da yake riƙe da rufi a kan 'yata da ke.

Ita ce ta yi mana bayanin indararon da kwatocin. Sannan ta ɗauki ƙaramar guduma ta daki ginshiƙin shagon da yake kusa. Bai yi ƙarar ƙarfe ba, wani irin dum ya yi kamar an daki cikakkiyar randa. Ta sa aka kawo abin huji, aka huda shi daidai ƙirjin mutum. Jan ruwa mai wari ya yi tsartuwa har ɗaya gefen layin, ya yi ta zuba ba ya tsayawa. Mijina ya ce, "Ranki ya daɗe, tun yaushe ruwan nan yake ciki?" Ta ce, "Tun ranar da aka toshe shi, Baba." Ta ce yawancin ginshiƙan layin haka suke, ba ta kuma gama duba sauran layukan ba. Za ta kai rahoto, amma rufe kasuwa ba a hannunta yake ba.

Na tsaya ina kallon kasuwar. An zagaye wurin da kika rasu da igiya, an ja tampol a kan ramin rufi. Bayan igiyar kuwa, kekuna suna ta ƙara, ana ciniki, ana kiran masu wucewa. Ban gama mamakin wannan ba sai na ji mai shagon da aka huda wa ginshiƙi yana fiƙe wani guntun katako. Na ce, "Malam, me za ka yi da wannan?" Ya ce, "Hajiya, zan ɗan toshe hujin ne, ruwan yana ɓata mini kayan mutane." Wallahi da idona na gani, da kunnena na ji. Mutumin da ya ɗauki gawarki da hannunsa. Ɗanki ne ya fizge katakon ya jefar.

Na san suna da iyali, na san wanda bai fito ba yau ba zai ɗora tukunya ba. Ba na raina wannan. Amma mun zama mutanen da in abu ya dame mu sai mu toshe bakinsa mu shafa fenti, ba ma tambayar don me aka bar masa bakin tun farko. Wanda ya gina kasuwar nan ba masoyinmu ba ne, amma bai bar huji a banza ba. Mu da muka gaje ta, muka ci abinci a cikinta, ba mu taɓa tambaya ba.

Shekaranjiya 'yata ta same ni a ɗaki. Tun ranar da abin ya faru ba ta cin abinci sosai, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ta zabura. Amma ta zo mini da maganar komawa. Ta ce shugaban layin ya ba ta wuri a layi na gaba kafin a gyara naki, in ba ta karɓa ba cikin makon nan za a ba wani.

Na ce, "Shi wurin ba ginshiƙi a kusa da shi?"

Ta ce, "Mama, ina ne babu ginshiƙi a kasuwar? Akwai kayan mutane a hannunmu. Gwaggo ba ta taɓa saɓa rana ba, ni ce zan fara saɓa mata tana kabari? Kuma 'yan matanta biyu da suke makaranta, da me za su ƙarasa? Ke kika koya mini in an ba ni amana in riƙe."

Na ce, "Ni na koya miki. Kuma ke ma amana ce a hannuna."

Ta ce, "In na bar wurin nan ba zan sake samun shago a kasuwa ba har abada."

Na ce, "Na sani."

Ta juya wurin babanta. Shi kuwa tun da aka binne ki bai cika magana ba, yana zaune ya haɗa kai da gwiwa. Ya ce, "Ni dai na kai ɗaya kabari daga kasuwar nan. Ku yi yadda mamanku ta ce." Ta fita tana kuka. Ban bi ta ba, ban kuma lallashe ta ba. Gaskiyarta ce a kan kayan mutane, gaskiyarta ce a kan 'yan matanki, kuma na san wurin zai tafi. Na san kuma da kina nan da kin ce, "Amarya, kin cika tsanani." Ki yafe mini, Yaya. Sau ɗaya na ba ki aronta, Allah ya dawo mini da ita ta hannunki a kan aiken shafi. Ba zan sake miƙa ta ƙarƙashin wannan rufin ba.

Jiya an kawo kekenta gida, shi bai sami komai ba sai ƙura. An share ɗakin da yake kusa da ƙofar gida, an kafa shi a gaban taga. Ɗanki ya kwaso yaduddukan mutane, mun wanke waɗanda jan ruwa ya taɓa. Yau da safe na ji ƙarar keken. Har yanzu ba ta yi mini magana ba, amma tana ɗinki.

Allah ya jiƙanki, Yaya. Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi. Malamai sun gaya mana wanda gini ya faɗo wa yana cikin masu shahada, Allah ya tabbatar miki da wannan matsayi. Yadda kika suturta 'ya'yan mutane, Allah ya suturta ki da rahamarsa. Yadda kika ba tsohuwa wurin zama, Allah ya ba ki mazauni a Aljanna Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga babban ɗanki, wanda nauyi ya sauko masa rana ɗaya, da 'yan matanki biyu, Allah ya ba ku haƙuri, ya raya ku a kan tarbiyyarta. Ga mijina, wanda ya rasa yayar da ta goya shi. Ga Iya, Allah ya sanyaya mata zuciya. Ga maƙwabtanki da suke jinya, Allah ya ba su lafiya. Ga dukan layin maɗinka, Allah ya tsare ku, ya kuma ba ku ikon jin magana. Allah ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.

Na tara yaran gidana da 'yan matanki, har da surukina, na faɗa musu, kuma ina rubuta shi a nan don kada wani ya ce bai ji ba. Daga yau babu wanda yake kwana a gidan nan, ko yake cin abincin gidan nan, da zai sake shiga tsohuwar kasuwa, ba don ɗinki ba, ba don sayen allura ba, ba don fakewa daga ruwa ba, har sai an fasa simintin da yake gindin kowane ginshiƙi an buɗe kwatocin, kuma ni da kaina na je na tsaya ana ruwa na ga yana fita. Mai kaya ya zo gida ya karɓa. Abin da babu sai a kasuwar, mun haƙura da shi.